Wasiƙar Baba ta Ranar Lahadi

Kwanakin baya ina gyaran wata tsohuwar akwati sai na ci karo da wani kaset ɗin bidiyo a ƙarƙashin takardun makaranta. Ɗan autana ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, "Abba, wannan fim ɗin waye?" Na ce masa ba fim ba ne, ƙwallo ce. Ya ce ta Arsenal? Na yi dariya kawai, don in na ce zan yi masa bayani sai mun kwana.

To, ku masu karatu kila ku fi shi haƙuri.

A 1996 na tafi Amurka ƙaro karatu a fannin noma, a Jami'ar Nebraska da ke garin Lincoln. Jiha ce ta masara da shanu, ga sanyi kamar ya fasa ƙashi. Na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo, tsohon manomi da ya sayar da gonarsa bayan rasuwar matarsa ya dawo cikin gari. Ban iya kiran sa da gatsal sunansa kamar yadda suke yi ba, bakina ya ƙi, sai na riƙa ce masa Baba. Da na gaya masa ma'anar kalmar, ya ce ya karɓa.

Shi ya koya mini ƙwallon Amurka. Ba irin tamu ba ce da ake bugawa da ƙafa. Ta fi kama da zari-ruga, ƙarti sanye da hular kwano suna ta gwabza juna, wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya ci maki 6. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan wasan ɗalibai ne, wasu ma muna haɗuwa da su a hanyar aji, amma duk jihar a kansu ta rataya zuciyarta. Tun 1962 ba a taɓa yin wasa a filin jami'ar tikiti ya yi kwantai ba. Ranar Asabar gari ya koma ja wur, tsoho da yaro kowa da jar riga.

Baba yana da wata al'ada: ya kunna talabijin ya kashe muryarta, ya buɗe rediyo. Wai masu sharhin talabijin baƙi ne, na rediyo kuwa ɗan gida ne. A haka muka kalli wasan Missouri ranar 8 ga Nuwamba 1997. Saura daƙiƙa 7, ana cin mu 38 da 31, Scott Frost ya jefa ƙwallo, ta kuɓuce, ta bugi ƙafar wani ɗan wasanmu ta tashi sama, Matt Davison ya yi sufa ya cafke ta kafin ta taɓa ƙasa. Muka yi kunnen doki, a ƙarin lokaci muka ci 45 da 38. Wallahi dattijon nan mai ciwon gwiwa sai da ya yi tsalle ya rungume ni. A ƙarshen kakar muka lallasa Tennessee 42 da 17, aka raba kambun ƙasa tsakaninmu da Michigan, koci Tom Osborne ya yi ritaya. Kun ji ina cewa "mu" ko? Haka abin yake shiga mutum.

A shekarun nan ne intanet ta fara shiga gidajen mutane. Sai ka zare wayar tarho ka soka wa kwamfuta, ta yi ta wani kuka kamar an shaƙe kyanwa, sannan ta haɗu. In wani ya ɗaga kan tarho a falo, shi ke nan, an yanke ka. Amma ga mai son ƙungiyar makarantarsu da aiki ya kai shi wata jiha, wannan kukan ya fi kiɗa daɗi. Ai wani kamfani ma daga irin wannan kewar ya samo asali: Mark Cuban da Todd Wagner suna zaune a Dallas, suna son jin wasan ƙwallon kwando na Jami'ar Indiana inda suka yi karatu, sai suka shiga harkar watsa rediyo ta intanet a 1995. Kamfanin ya zama Broadcast.com, Yahoo ta saye shi a 1999 kan dala biliyan 5.7.

Baba kuwa ko kallo kwamfuta ba ta ishe shi ba. Sai da na gama karatu a 2000 ina haɗa kaya, 'yarsa ta kawo masa tsohuwar tata. Ya zaunar da ni ya ce in koya masa abu ɗaya tak, yadda ake aika wasiƙa. Kwana uku muka yi. Na rubuta masa matakan a kwali da manyan baƙaƙe, ya manna a bango.

Na dawo Kano, inda ko mutum ɗaya ban sani ba da ya taɓa jin sunan ƙungiyar nan. Lokacin gari ya ɗauka da Sangaya, samari kuma na ta Manchester da Arsenal. Hanyata ɗaya ce, wani kafe na intanet da ke saman bene, mai kwamfutoci kamar takwas da fanka ɗaya. Ka sayi awa guda, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe. Na sha gwada sauraron rediyon wasan. Murya ta fito ta yi kalma huɗu, ta tsaya, ta dawo bayan an riga an ci. Sai na haƙura na koma kallon lambobi: in latsa, in jira, in ga ko makin ya canza.

Duk Lahadi kuwa akwai wasiƙar Baba. Da yatsa biyu yake bugawa, duka da manyan baƙaƙe, don bai taɓa gano yadda ake kashe maɓallin ba. Ba ya fara wa da sakamako, ko da wasa. Sai ya faɗi yadda gari ya waye, ko iska daga arewa take, ko an gama girbin masara, abin da ya ci kafin wasa. Sannan ya ɗauko wasan daki-daki, zango na ɗaya har na huɗu, ya faɗi inda gabansa ya faɗi da inda ya zagi alƙalin wasa. Sau da yawa na riga na san makin, amma in karanta a hankali kamar ban sani ba. Marubutanmu na littattafan soyayya, da kun ga yadda tsohon manomi ke ja wa mai karatu rai, da kun sara masa.

Daren da ba na mantawa shi ne na Juma'a 23 ga Nuwamba 2001. Azumi ake. Bayan asham na tafi kafe na sayi burauzin na kwana. Ba a ci mu ko sau ɗaya ba a kakar, za mu kara da Colorado a gidansu. Shafi ya buɗe, na ga ana cin mu. Na latsa, aka ɗauke wuta. Kafin mai kafe ya tada janareta a sake haɗa layi an daɗe, da lambobin suka dawo sai na ga 35 da 3. Na kira yaron shagon na ce kwamfutar nan ta samu matsala. Ya leƙa ya ce, "Yallaɓai, lafiyarta ƙalau, kuɗi aka cinye maka?" Aka tashi 62 da 36. Chris Brown shi kaɗai ya tsallaka layinmu sau shida. Na tako gida na yi sahur ba tare da na san abin da nake ci ba, uwargida na tambaya ko rasuwa aka yi.

Wasiƙar wannan Lahadin ita ce mafi gajarta da ya taɓa aiko mini. Bai ambaci wasan ba sam. Ya ce an yi sanyi, ya tambayi yadda azumi yake, ya ce in duba gidan waya akwai saƙo.

Saƙon shi ne kaset ɗin nan. Wasan Oklahoma ne na 27 ga Oktoba, wanda muka ci 20 da 10. Ya naɗa daga talabijin ya aiko, sai a Disamba ya iso. Na saka a bidiyona, hoto ya yi ta birgima. Ashe tsarin Amurka NTSC ne, namu PAL. Sai na nufi wajen masu kaset a Ƙofar Wambai, aka haɗa ni da wani mai na'urar da ke cin kowane iri. Kafin a jima samari sun cika shagon. Ɗaya ya ce ina waƙa? Wani ya ce wai waye bos a ciki? Da aka zo wurin da sabon ɗalibi Mike Stuntz ya karɓi ƙwallo ya jefa wa Eric Crouch, wanda aikinsa shi ne jefawa ba cafkewa ba, ya sheƙa yadi 63 har layi, sai shagon ya kaure da ihu: "Ga jarumin nan!" Ni kuwa ina kallon murnar mutanen cikin filin, na san abin da ke jiran su bayan mako huɗu, su ba su sani ba.

Abin dariya, kwamfutar da Baba ya raina ita ta ɗaga mu. Tsarin BCS da aka fara a 1998 yana haɗa ƙuri'ar mutane da lissafin kwamfuta, sai lissafin ya tsallake Colorado da ta yi mana kaca-kaca ya kai mu wasan ƙarshe. Baba ya rubuto cewa ba mu cancanta ba. Ranar 3 ga Janairu 2002 Miami ta tabbatar da maganarsa, 37 da 14.

Yanzu in ka saurari tsofaffin magoya baya a can, sai ka ji suna ta yabon wancan zamanin, wai intanet ta fi daɗi, mutane sun fi mutunci. Ina gane abin da ke damun su. Nebraska ta koma rukunin Big Ten a 2011, ta rabu da maƙwabtan da ta saba gwabzawa da su. Daga 2021 ɗalibai suka samu damar karɓar kuɗi da sunansu. A 2024 gasar kambu ta koma ta ƙungiyoyi 12. Amma batun daɗin intanet, a'a. Ni na zauna a gabanta, azaba ce. Wanda ya ce yana kewar jiran minti biyar don lamba biyu, a ba shi ya gwada na dare ɗaya. Abin da nake jin rashinsa shi ne a lokacin ba na iya ganin wasan, dole sai wani ya gani domina ya zauna ya ba ni labari, kuma akwai wanda ya yarda ya yi hakan duk mako da yatsa biyu.

A kakar 2004 wasiƙun suka fara tsallake mako. Wata Lahadi saƙo ya zo daga adireshinsa da ƙananan baƙaƙe, tun kafin in karanta na san ba shi ba ne. 'Yarsa ce. Ta ce kwalin nan da na rubuta yana nan manne a bango.

Ban buga ko ɗaya daga wasiƙun a takarda ba; kuɗin bugawa a kafe na ganin kamar ɓarna ne, kuma na ɗauka abin da ke cikin kwamfuta ba ya ɓata. Wata shekara aiki ya kai ni ƙauye na yi watanni ban buɗe akwatin ba, da na dawo na tarar an share shi tas.

Da na gama ba ɗan autan labarin, ya ɗauki wayata, cikin minti ɗaya ya nemo gudun Crouch a YouTube, tar da shi, ya fi na kaset ɗin kyau. Muka kalla sau biyu. Ya ce to a yar da kaset ɗin mana, tunda ko na'urar saka shi ba mu da ita. Na karɓa na nuna masa gefen, inda Baba ya rubuta sunan wasan da kwanan wata da biro, a ƙasa kuma ya sa hannu da kalmar Hausa ɗaya da ya iya. Na mayar da shi cikin akwatin.