Rana a waje, jariri a ɗaka

Mu a Tajaye rana ba ta da tsada. Shi ya sa in na kawo zancen bitamin D a taron iyayen yara, wasu dariya suke yi. Manomin da ya wuni a gonar gero kam yana da gaskiya. Damuwata mai jego ce da jaririnta, da tsohuwar da ta daina fita, da matar da ke wuni a inuwar ɗaki.

Fata ce ke ƙera bitamin D idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su gyara shi ya fara aiki. Baƙar fata tana bukatar lokaci fiye da fara, ƙurar hunturu kuma tana rage ƙarfin hasken. Mun san shi da gina ƙashi, amma yana da hannu a garkuwar jiki. A 2006 masu bincike a Amurka suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta, idan suka ci karo da ƙwayar tarin fuka, da bitamin D suke haɗa wani sinadari da ke kashe ta. A jinin da bitamin ɗin ya yi ƙaranci, sinadarin kaɗan ya fito. Tun 1903 ma likitan nan Niels Finsen ya samu kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske.

Sai dai kada wannan ya tura mu wurin masu tallar magani a kwali. A Mongoliya an ba yara 'yan makaranta bitamin D kowane mako har shekara 3, cikin gwajin da ya haɗa yara sama da 8,000, sakamakon da ya fito a 2020 kuma ya nuna bai rage kamuwa da tarin fuka ba. A Jos, binciken 1999 ya gano yara masu gwamen ƙafa da yawa kalsiyam suka rasa. Ganin ƙafar yaro ta lanƙwashe bai isa a yanke hukunci ba, likita ne zai duba. Shan ƙwayar fiye da ƙima kuwa yana tara kalsiyam a jini, har ya taɓa ƙoda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙwai. Gero da dawa ba su da bitamin D, nonon uwa ma kaɗan ke cikinsa. Gwaiduwa tana da shi, haka hanta da kifi. Amma har gobe a wasu gidajenmu ana hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata, a kwashe na zabi da damina a kai kasuwa. Ni dai a ajina na fara tambayar yara wa ya ci ƙwai a makon nan. Hannuwan da ke tashi ba sa cika yatsun hannu ɗaya, kuma galibi na maza ne.