Mieussy: Ƙauyen da Masu Shawagi da Laima Ke Yi wa Filinsu Hidima

Daga birnin Jeneba na ƙasar Siwizalan zuwa ƙauyen Mieussy da ke Faransa, tafiyar ba ta kai awa guda a mota. Da zarar an wuce garin Annemasse sai hanya ta soma hawa tana lanƙwasa, gidaje su ragu, shanu masu ƙararrawa a wuya su yawaita, har a faɗa kwarin kogin Giffre a yankin Haute-Savoie. A lokacin zafinsu na je, ranakun da rana kan kai ƙarfe tara na dare ba ta gama faɗuwa ba. Tun kafin mu shiga ƙauyen na ga abin da ya kawo ni: laimomi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna kewayawa a saman dutse kamar ba su da wata gaggawa, kowace da mutum a rataye a ƙarƙashinta.

A nan wasan shawagi da laima ya samo asali. A watan Yunin 1978, wasu mutum uku masu dirowa da laima daga jirgin sama, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka ga kuɗin hayar jirgi ya yi musu yawa. Sai suka ce bari su gwada ko laimar za ta ɗauke su idan suka sheƙa a guje daga gangaren dutse. Suka hau tudun Pertuiset da ke saman ƙauyen, laima kuwa ta ɗauka. Bohn ya taso daga can ya sauka a filin ƙwallon ƙauyen, wajen mita 1,000 ƙasa da inda ya tashi. A 1979 aka kafa ƙungiyar Les Choucas a Mieussy, daga nan wasan ya bazu a tsaunukan Alps, ya tsallaka sauran duniya.

Kayan ba su da yawa. Laimar yadi ce mara nauyi mai faɗin murabba'in mita ashirin da wani abu, da siraran igiyoyi da ke haɗa ta da kujerar da matuƙi ke ɗaurawa a jiki. Sai hular kwano da wata laimar ko-ta-kwana. Duka suna shiga jakar goyo ɗaya. Babu inji, babu mai. Idan rana ta gasa gefen dutse, iska mai ɗumi takan yi sama, matuƙi ya shige cikinta yana kewayawa yadda shirwa ke yi, ya yi awoyi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Shawagin ya burge ni, amma aikin da na tarar ana yi a ƙasa ya fi burge ni. Wata safiyar Asabar na bi abokin da ya sauke ni zuwa filin tashi, na iske 'yan ƙungiya ba da laima a hannu ba, sai da manjagara da shebur da zarto da injin yankan ciyawa. Wasu na sare ƙananan itatuwan da suka tsiro a bakin gangare, don reshe ɗaya ya isa ya kama igiya ya kayar da mutum a daidai lokacin da ƙafarsa ke barin ƙasa. Wasu na tsince duwatsu masu kaifi da kan yaga yadi. Wasu na turo baro cike da ƙasa suna cike ramukan da narkewar ƙanƙara da sawun masu gudu suka bari. Wata dattijuwa ta hau tsani ta sauke tsohuwar jakar nuna iska da rana ta cinye, ta ɗaura sabuwa. Aikin gayya ne sak, har da cin abinci tare bayan an tashi. Ba wanda aka biya ko sisi. Akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai kafinta, akwai ma'aikaciyar jinya, kuma ba ka iya gane wane ne shugaba sai an nuna maka shi, don shi ma gumi yake yi.

Na tambayi wani dattijo cikinsu me ya sa suke wahalar da kansu haka a ranar da iska ta yi kyau. Ya nuna mini kwarin da ke ƙasa, ya ce sama ba ta kowa ba ce, amma duk inda za ka tashi da duk inda za ka sauka yana da mai shi. A Faransa sai da yardar mai fili ake kafa wurin tashi ko na sauka, wani filin na ƙaramar hukuma ne, wani na manomi. Ƙungiyoyi kan ƙulla yarjejeniya a rubuce da masu filaye a ƙarƙashin hukumar wasan ta ƙasa, wato FFVL, wadda aka kafa a 1974, ita ce kuma ke tsaya wa mambobinta wajen inshora. Amma takarda ba ta riƙe zumunci. Ranar da manomi ya gaji, ya ce a bar masa filinsa, wurin ya rufe ke nan.

Ciyawa kuwa a wannan yanki dukiya ce. Ƙasar cukun Reblochon ce, kuma shanun da ake tatsa kan shafe watannin hunturu a ɗaki suna cin ingiricin da aka yanka aka adana tun lokacin zafi. Wanda ya sauka a tsakiyar ciyawar da ba a yanka ba, ya tattake ta yana naɗe laima, abincin saniya ya ɓata. Shi ya sa allon da ke filin sauka yake ɗauke da taswira da ƙa'idoji: ga inda ake sauka, ga gefen da ake naɗe laima, ga wurin ajiye mota. Idan iska ta tilasta maka sauka a gonar wani, ka tattara laimarka a kafaɗa ka fita ta hanya mafi kusa, ka rufe ƙofar shinge a bayanka, ka nemi mai wurin ka ba shi haƙuri. Na ga wani matashi baƙo ya shimfiɗa laimarsa a inda bai kamata ba. Wani ɗan ƙungiya ya je ya gaishe shi, ya kama masa gefe ɗaya na yadin, suka ɗauke tare zuwa inda ya dace. Ba tsawa, ba cin fuska, kuma yaron ya fahimta.

Hidimar ba ta tsaya ga ciyawa ba. A kan duwatsun yankin akwai na'urorin auna iska da ke sanar da ƙarfinta da inda ta fuskanta ta rediyo da intanet, kuma 'yan ƙungiyoyi ne kan hau su duba su idan sun yi shiru. Su ne ke gargaɗin baƙi game da wayoyin lantarki da iyakar tsayin da aka yarda a kai, tunda filin jirgin Jeneba ba nisa. Har tsuntsaye suna da haƙƙi. Wata babbar ungulu mai gemu da ta ɓace daga Alps an dawo da ita, kuma a 1997 ta ƙyanƙyashe ɗanta na farko a daji a dutsen Bargy da ke wannan yanki. A watannin da take kwanci akan shata kewayen sheƙarta, matuƙa su kauce masa.

Wasan ya iso Afirka ta Yamma. Tun 2005 ake bikin shawagi da laima a Kwahu ta ƙasar Gana lokacin Ista, ana tashi daga dutsen Odweanoma a sauka a Nkawkaw. Duwatsu da iska ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Abin da ya riƙe Mieussy fiye da shekara 40 shi ne mutanen da suka ɗauki filin da ba nasu ba a matsayin amana, suka riƙa fitowa da shebur ba tare da jiran gwamnati ba. Duk ƙungiyar da ke morar wani fili a garinku, na ƙwallo ne ko na dambe ko na sukuwa, ta tambayi kanta yaushe rabon da ta share shi, kuma yaushe rabon da ta je gaishe da mai shi.