HARAFIN DA KE GEFEN TAYA

Akwai wani rubutu da masu babura ke zaune a kansa kullum, amma ba kasafai suke karanta shi ba. Yana nan a gefen taya, baƙi a kan baƙi, sai mutum ya tsuguna ya share ƙura kafin ya gan shi. To, ni a ganina babu wani rubutu a jikin babur da ya fi shi kusa da ran mahayi, domin abin da ya haɗa mutum da kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba, ɗaya gaba ɗaya baya.

Babur ɗina tsohon Honda Shadow ne, wato irin waɗanda Turawa ke kira kuruza: dogo, mai nauyi, mazauninsa ƙasa-ƙasa, mahayi ya miƙe ƙafa gaba kamar mai kishingiɗa. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka, wanda ya soma aiki a 1903, shi ya yi suna da wannan siffa, daga baya Japanawa suka bi sahu. Ba don tsere aka yi su ba.

A tayata ta baya an rubuta 170/80-15 77S. Wato faɗinta milimita 170, tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari na faɗin nan, wilinta kuwa inci 15. Lamba 77 tana nufin za ta iya ɗaukar kilo 412. Shi kuma S shi ne harafin gudu, ma'anarsa kilomita 180 cikin awa guda. P na 150 ne, T na 190, H na 210, V na 240, W na 270. Mai karatu zai lura H ya tsallake layi ya je ya zauna kusa da V. Haka aka gaje shi, sai dai a haddace.

Wani mai sayar da tayoyi ya taɓa ce mini, "Malam, yaushe rabonka da gudun ɗari da tamanin? Ɗauki mai P, ta fi araha." Gaskiyarsa ta wani gefen, ban taɓa kai wa nan ba, ba ni kuma da niyya. Amma harafin ba izinin gudu ba ne, shaidar jure zafi ce. Taya tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan kuwa shi ke haifar da zafi a cikinta, zafin in ya yi yawa sai roba ta rabu da zaren da ke riƙe da ita. A ɗakin gwaji ake auna wannan, da sabuwar taya, da iska daidai, da kaya daidai. Ina gwaji ya san kwaltar watan Afrilu da tsakar rana, ga iska ta ragu, ga goyo a baya, ga tabon da mai faci ya bari? Kowanne daga cikinsu yana zaftare rarar da harafin ya ba ka. Saboda haka na ƙi sauka ƙasa da abin da maƙeran babur suka rubuta a littafinsa.

Haurawa sama ma ba lalle ta zama dabara ba. Tayoyi masu W galibi na baburan tsere ne, robarsu taushi gare ta, nan da nan nauyin kuruza zai cinye tsakiyarta. Ni dai lambar kaya na fara dubawa kafin harafi. Babur ɗin kansa ya haura kilo 200, a sa ni, a sa uwargida da jakarta, mafi yawan nauyin nan kuma tayar baya ke sha.

Sauran abu biyu. In an ga R a cikin lambobin, saƙar zaren tayar dabam ce da ta mai B ko mai 'yar sanda kawai, ba a kuwa gama su a babur ɗaya sai in maƙeransa sun yarda. Na biyu, ga masu sayen gwanjo: tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne ranar haihuwar taya. In an ga 2319, mako na 23 ke nan na 2019. Zanenta yana iya zama raɗau alhali robar ta bushe, shi ya sa nakan duba nan tun kafin in tambayi kuɗi.