Da tsohuwar zuma ake magani: Yadda na mayar da akori-kura ɗakin tafiya

A ƙasar nan mun saba auna mota da ƙyallin fentinta da shekarar da aka ƙera ta. Idan mutum ya sayi sabuwa, 'yan uwa da abokan arziki sukan zo taya murna, a shafa bodi, a yi fatan alheri. Idan kuwa ya jawo tsohuwa wadda kaji suka fara ƙwai a cikinta, sai a bi shi da kallon tausayi, a ce wane ya sayi wahala da kuɗinsa. Na sha irin wannan kallo na tsawon wata 14, lokacin da na duƙufa wajen gyaran wata tsohuwar akori-kura ƙirar Toyota Hilux ta 1994, na kuma ɗora mata ɗan ɗakin kwana a baya domin shiga wuraren da kwalta ba ta kai ba. Ina so in bayyana wa mai karatu dalilina da yadda aikin ya gudana, domin ina ganin abin da ke ciki ya wuce maganar mota.

Dabarar ba tawa ba ce. A Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu an daɗe ana ƙera ɗaki mai gado da wurin girki, a ɗora shi a bayan akori-kura, mutum ya tafi da makwancinsa duk inda ya nufa. A irin wannan mota ce marubucin nan na Amurka, John Steinbeck, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1962, ya zaga ƙasarsa a 1960, saboda ya lura ya daɗe yana rubutu a kan mutanen da rabonsa da zama cikinsu ya yi nisa. Dalilina ya yi kama da nasa. Shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, kuma gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma. Ina ba su labarin tuddan rairayi na Tulo-Tulowa a Yusufari da fadamun Haɗeja da Nguru. Duk a littafi na san su. Wuraren nan kuwa akasari ba otal kusa da su, inda kuma akwai, albashin malami ba ya ɗaukar kwana bakwai a ciki.

Zaɓen tsohuwar mota yana da dalili biyu. Na farko aljihu. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, ko motar da ake kira tokumbo ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle sabuwa. Na biyu ya fi wannan nauyi. Hilux ta wancan zamani ba ta da kwamfuta a cikinta. Injinta na gas ne mai lita 2.8, ƙafafunta gaba da baya a kan sifirin mai falle-falle suke, kuma da hannu ake juya makullin da ke cibiyar tayoyin gaba idan ana so ƙafa huɗu su ja. Duk garin da ke da makanike da sifana, akwai mai iya taɓa ta. Motar zamani kuwa idan ta kunna wata fitila a tsakiyar daji, sai an nemo mai na'ura daga birni. Ba banza ba masana tarihi suka laƙaba wa ƙarshen yaƙin Chadi da Libiya na 1987 sunan yaƙin Toyota, domin da irin waɗannan motoci sojojin Chadi suka ratsa hamada suka fuskanci tankokin yaƙi.

Wanda ya jagoranci aikin wani dattijon makanike ne da ya kusa shekara 40 a sana'ar. Ranar da muka je duba motar bai ko kalli fenti ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasa shasi, wato ƙarfen da dukkan motar ke zaune a kansa, daga gaba har baya. Da ya fito sai ya ce mini: “Malam, inji ana sauke shi a sa wani, bodi ana buga shi. Amma idan tsatsa ta ci ƙashin baya, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Wannan ƙashinta lafiya lau.” A kan wannan magana na biya kuɗi, bayan na tabbatar lambar shasi da ta inji sun dace da abin da ke cikin takardu.

Shi ne kuma ya tsara mana yadda za a kashe kuɗi, tsarin da nake ganin duk mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya riƙe. Abin da ke tsayar da mota shi ne farko, sai abin da ke juya ta, sannan abin da ke tafiyar da ita. Saboda haka da birki muka fara, muka koma kan sitiyari da boris na ƙafafu. Daga nan aka wanke lagireto, aka sauya duk tiyon ruwa, aka sa sabon bel na cikin inji, wanda ƙa'idarsa a canza shi duk kilomita 100,000, domin idan ya tsinke ana cikin tafiya yakan jawo wa injin mummunar ɓarna. Kowane wata idan albashi ya shigo, sai in ware abin da ya sawwaƙa a yi abu ɗaya. Fenti shi ne na ƙarshe a jerin, kuma har yau bai samu shiga ba.

A Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi inda ake tsimi da inda ba a yi. Ƙofa, fitila, kujera, gilashi, duk na gwanjo na saya, kuma tsohon ƙarfen asali sau da yawa ya fi sabon jabu ƙarko. Amma kayan birki da bel da filta da taya, sababbi na nema. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta daɗe a ajiye takan bushe ta tsattsage ko da zanenta bai goge ba, kuma ita ce ke fashewa a tsakiyar zafin rana. A nan ne araha ba ta ado.

Ginin ɗakin shi ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ilimin aji ya haɗu da na gareji. Babban abokin gaba shi ne nauyi. Abin da irin wannan mota ke ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma a cikinsa har da direba da fasinja da mai da ruwa. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka uku masu lita 25 sun zama kilo 75 ke nan tun ba a sa tukunya ba. Mai waldan da ya yi mana aiki ya so ya yi amfani da ƙarfe mai kauri irin na ƙofar gida, don a ganinsa shi ne aikin kirki. Muka zauna muka yi lissafi, muka koma kan siririn fayif da fallen alminiyam, aka sa soso a tsakani saboda zafi, aka rufe ciki da falanki marar kauri. Rufin kuma muka yi shi mai ɗagawa, gefensa tamfol da ragar sauro. Idan ana tafiya a sauke shi, motar ba ta yi tsawon da za ta riƙa tangaɗi a kan gangara ko ta kama reshe ba. Idan an yada zango a ɗaga, mutum ya miƙe tsaye a ciki.

Duk abu mai nauyi, kamar jarkokin ruwa da batir na biyu da akwatin kayan aiki, a ƙasa muka ajiye shi, gaba da tayoyin baya. Ɗakin kansa ba a yi masa walda da motar ba. Da noti aka ɗaure shi a kan ƙullun roba, saboda shasi yana murɗawa idan taya ɗaya ta faɗa rami, kuma abin da aka liƙe ƙam ba ya jure murɗa, tsagewa yake yi. Faifan sola ɗaya a kan rufi ya isa fitila da fanka da cajin waya, ba tare da an taɓa batirin tayar da mota ba. Girki kuwa a waje ake yinsa. Gawayi ko risho a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci bai sani ba.

Tsaunin Mambila ne ya yi mata jarrabawa. Daga Serti zuwa Mayo Selbe hanya ba laifi, daga nan sai hawa mai lanƙwasa bayan lanƙwasa har a kai Maisamari, a wuce Nguroje zuwa Gembu. Injin da ba shi da abin ƙara masa iska yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka kowane kilo da muka rage a gareji sai da na ji amfaninsa a ƙafata. Da muka bar kwalta muka shiga hanyoyin rugage, na sauka na juya makullan gaba na sa ƙaramar giya, ta riƙa taka jar laka a hankali kamar raƙumi. A gangara ma da giya ake sauka, domin birkin da aka daɗe ana dannawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Na kwana a gefen wata ruga cikin sanyin da ban taɓa zaton akwai irinsa a ƙasar nan ba, da safe hazo ya rufe kwari, makiyaya suka kawo mini madara mai ɗumi suna tambayar ko gidan nan na sayarwa ne. Da na koma aji, darasin tsaunuka ya canza, har ɗalibai suka lura. Gani ya kori ji.

Masu suka suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Uwargida ta tambaye ni tun farko: “Malam, a wannan zamani da mutane ke gudun daji, kai kuma shi za ka nufa?” Gaskiya ta faɗa. Akwai dazuzzukan da a yau ba mai hankalin da zai kai kansa, irin na Birnin Gwari da na Zamfara. Ga tsadar mai, wadda ta ƙaru tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ta ja farashin komai sama. Ga kuma shingayen bincike, inda akori-kura mai rufaffen baya dole ta jawo tambaya. Amsata ita ce tsari. Ba na tafiyar dare. Ba na shiga yankin da ban tambayi direbobin tasha da mutanen gari halin da yake ciki ba. Duk inda zan kwana sai na fara gaida mai gari na gabatar da kaina, kuma a cikin gari ko gefensa nake yada zango. A shinge kuwa nakan buɗe ɗakin tun ba a nema ba, takarduna a hannu. Inda aka ce kar a bi, na haƙura, tafiya ba ta fi rai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka yi aikin. Makanike da mai walda da mai wayarin da kafinta da mai ɗinkin tamfol, babu mai takardar digiri a cikinsu, amma sun tayar da abin da aka yanke wa ƙauna, sun kuma ƙera abin da ba su taɓa gani ba daga zanen da na yi a takardar makaranta. Irinsu sun cika Panteka ta Kaduna da garejojin Kano da Jos da Maiduguri. Ƙasar da ta taɓa harhaɗa Peugeot a Kaduna tun daga 1975 ba ta rasa hannu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai kawo musu sabon tunani ya zauna da su a kan benci ɗaya. Ɗalibanmu na fannin injiniya suna da lissafin nauyi da ma'auni, waɗannan dattawa suna da sanin ƙarfe, kuma kowane ɓangare yana tafiya shi kaɗai. Irin wannan ɗaki zai yi wa likitan dabbobi amfani, da ma'aikacin rigakafi, da mai binciken gona, duk wanda aikinsa ke kai shi inda dare kan riske shi ba masauki.

Don haka ina kira ga matasanmu masu karatu da su rage ƙyamar baƙin mai a hannu, su shiga gareji da littafinsu. Ga wanda kuma yake da wata tsohuwar mota a ƙofar gida tana shan rana, kafin ya kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli, ya nemi dattijon makanike ya ƙwanƙwasa ƙashin bayanta. Idan da sauran lafiya, a fara da birki.