Ciwon da ba shi da suna

Shekara 3 ke nan ina fama da ciwo ƙasan haƙarƙarina. Yakan taso bayan la'asar, kamar an ajiye mini garwashi. Aka ce olsa ce, na bar yaji. Aka ce taifot ne, na sha allurai. An zura mini bututu mai kyamara ta maƙogwaro, an nemi ƙwayar H. pylori, babu. Likita ya ce, "Malama, komai lafiya." Na yi godiya, hannuna dafe da wurin.

Gwaggo ta kawo saiwa, na karɓa don kada ranta ya ɓaci. Yanzu ina rubuta abin da na ci, da lokacin da ciwon ya motsa, a ɗan littafi. Ranar Litinin zan koma asibiti da shi.