Wuƙar mutanen Ingila ta shekara dubu, a maƙerar kakana

1/ Tun jiya da na saka hoton wuƙar nan ake ta turo min saƙo. "Wace irin wuƙa ce wannan?" "Nawa za ka sayar?" Wani ma tambayata ya yi ko daba na shiga. To ku gyara zama, ga labarinta daga tushe. Zaren na da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. 🧵

2/ Sunanta seax, ku karanta shi "saks". A tsohon Turanci ma'anar kalmar wuƙa ce kawai. Baki ɗaya gare ta. Ƙabilun Sakson da Faranka da 'yan uwansu ne suka riƙa ratayawa tun wajen ƙarni na 5 har zuwa na 11. Masana da yawa na ganin daga gare ta sunan Sakson ya samo asali. Har yau tambarin yankin Essex a Ingila saks uku ne a jere.

3/ Ba zan yi muku ƙarya ba, a The Last Kingdom na fara ganinta. Daga nan na bi sawu a intanet har na faɗa shafin Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, inda na ga na gaskiya, masu tsatsa, waɗanda aka tono. Sai na ga ashe ta fim daban, ta tarihi daban.

4/ Kafin in ci gaba, akwai abin da ban taɓa faɗa a nan ba. Ni jikan maƙera ne. Ina aji uku a jami'a, tarihi nake karanta, amma ko abokan ɗakina ba su sani ba. In aka tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce kasuwanci. Baba ya bar maƙera tun yana saurayi, ya kuma ci alwashin ɗansa ba zai riƙe masaba ba.

5/ Guda biyu ne suka tsaya min a rai. Ta farko saks ɗin Beagnoth, wadda aka tsamo a kogin Thames, wajen Battersea, a 1857. Tsawonta santimita 72. An nutsa zaren azurfa da jan ƙarfe da tagulla a jikinta, an rubuta haruffa 28 na tsohon rubutunsu da ake kira run, sannan sunan wani mutum, Beagnoth.

6/ Ta biyu ƙarama ce, kimanin santimita 32, an same ta a Sittingbourne da ke yankin Kent. Ita kuma rubutun da ke jikinta kamar wuƙar ce ke magana da bakinta: a gefe ɗaya ta ce Biorhtelm ne ya ƙera ta, a ɗaya gefen ta faɗi sunan mai ita. Maƙeri ya mutu sama da shekara dubu, ga ni a hostel ina ƙoƙarin furta sunansa.

7/ A daren nan na yi ta lissafi. Kakana ya haura shekara hamsin yana ƙera fartanya, lauje, gatari da wuƙaƙe. Ko ɗaya babu sunansa a jiki. Da aka yi hutu, maimakon in wuce gida, sai na zarce wajensa da hotunan da na buga a takarda.

8/ Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan boko, wannan ai karyewa ta yi aka gyara." Na ce, "A'a Kaka, haka aka ƙera ta." Bakinta miƙe yake, bayanta ne ke tafiya sai ya karyo gangare zuwa tsini. Turawa ma mai karyayyen baya suke ce wa irinta. Ya ce, "To ashe ni da su mun yarda."

9/ Ƙaramar na zaɓa. Dalili? Ku da kanku kun san abin da zai faru da saurayi in aka gan shi da wuƙa mai santimita 72 a unguwa. Babu wanda zai tsaya sauraron tarihin ƙarni na 10.

10/ Ta farko a yini ɗaya Baffa ya fitar da ita daga sifirin mota. Ta yi kyau wallahi. Amma ya sirance ta kamar ta yankan albasa, ya ɗaga tsinin sama, ya huda wajen ƙota zai sa ƙusa. Na ce ba ita ba ce. Ransa ya ɓaci: "Ai wannan ta fi ta hotonka amfani." Kuma gaskiyarsa. Sai dai ni ba wadda ta fi amfani na zo nema ba.

11/ Ga abin da na tarihin ke nunawa. Bayansu na da kauri sosai, daga nan ƙarfen ke sirancewa kai tsaye har zuwa kaifi. Yawanci babu abin kare hannu tsakanin ƙota da baki. Jelar ƙarfen siririya ce, cusa ta ake yi cikin ƙota ba tare da ƙusa ba. Mafi yawan na sayarwa a intanet sun saɓa wa wannan, don dai su burge mai saye.

12/ Babban aikin yana cikin ƙarfen kansa. A zamaninsu ƙarfe mai riƙe kaifi tsada gare shi. Sai maƙeri ya yi jikin wuƙa da ƙarfe mai taushi, ya liƙa siririn mai ƙarfi a baki, da wuta da guduma kawai. Wasu har murɗa sanduna suke yi su haɗe, zane ya fito a jiki kamar igiyar ruwa.

13/ Ina cikin wannan bayani ina jin kaina malami, sai Kaka ya kwashe da dariya. "Ja'iri, ni za ka koya wa? Haka babana ke yin gatari. Shi ya tarar da masu dafa tama, kafin ƙarfen jirgin ƙasa da na mota su cika gari." Ya ce walda ce ta kashe wannan aikin. Rabonsa da yi tun kafin a haife ni.

14/ Muka samo rodi don jiki. Na ce a sa sifirin a baki, ya ce ba ya son kamawa, a nemo tsohon magagari. Ya aike ni gawayin ƙirya, ya ce in ɗebo yashi mai laushi. Yashin ake barbaɗawa a mahaɗar, ya narke ya hana datti shiga tsakani. Ni aka bar wa zuga-zugi.

15/ Gwajin farko wuta ba ta kai ba, guduma ɗaya suka rabu. Na biyu na zuga da ƙarfin tsiya, magagarin ya ƙone, yana ta feshin tartsatsi, ya ruɓe kamar gurasa. Kuɗin gawayi daga kuɗin rajistata nake zara. Wani ɓarɓashi ya faɗo min a hannu, tabon na nan.

16/ A nan na lura da abin da ya tsorata ni. Kaka ba ya ganin launin ƙarfe sosai yanzu. Sai ya matso da fuska dab da wuta yana ƙifta ido. Wannan aikin kuwa ido ne gaba ɗayansa, tsakanin "bai yi ba" da "ya ƙone" ɗan lokaci ne kaɗan. Baffa bai taɓa koya ba, don babu mai biyan kuɗinsa.

17/ Sai muka raba aiki. Muka bari sai bayan magariba, lokacin da launi ke fitowa sarai. Ni ne ido, shi ne mai hukunci. "Yaya yake?" "Ruwan lemo." "Zuga." "Ya koma ɗorawa." "Zuga." "Ya fara fari, yashin na gudu kamar mai." "Fitar!" Baffa ya ɗauko da awartaki, bugu a hankali, ba da ƙarfi ba. Ya kama.

18/ Daga nan aka buɗe shi, aka fitar da gangaren baya da jela. Na kwana uku ina goga da hannu. Aka gasa, aka tsoma a mai, aka sake ɗumamawa har bakin ya yi launin busasshiyar ciyawa don kada ya yi saurin karyewa. Da na wanke da ruwan tsami sai layin mahaɗar ya fito, duhu da haske.

19/ Ƙota ce ta fi ba ni ciwon kai, don ta asalin ta ruɓe tuntuni, ƙarfe kawai ya rage. Amma burbushin da ke maƙale a tsatsar wuƙaƙen kaburburansu ya nuna suna yawan amfani da ƙaho da itace. Na je kwata na sayo ƙahon sa.

20/ Kube kuma baduku na kai wa. An tono kubban fata na wancan zamani a York da Landan, inda laima ta hana su ruɓewa. Sun nuna kube kan haɗiye har wani ɓangare na ƙota, kuma a kwance ake rataya wuƙar a ƙugu, kaifi na kallon sama. Badukun ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, amma ya ɗinka.

21/ Kada wani ya ce na yi iƙirarin kwafi sak. Rodi ba ƙarfen tama ba ne. Babu azurfa, babu adon da ke jikin ta Sittingbourne. Siffa, kauri, tsarin haɗi da kube ne na bi iya ƙoƙarina. Abin da ya kwantar min da hankali, ko a saks ɗin Beagnoth wasu haruffan ba su zauna a jerinsu ba. Su ma mutane ne.

22/ Saura suna. Na ce, "Kaka, sunanka za a sa." Ya ƙi. "Wa ya taɓa sa suna a wuƙa? Wanda ya saya ai ya san ni." Na ce wanda ya saya zai mutu. Ya yi shiru, can ya ce, "To da ajami, ba da bokonku ba." Muka sassaƙa rami, muka nutsa zaren jan ƙarfe daga tsohuwar wayar wuta. Harafi ɗaya ya karkace. Mun bar shi a haka.

23/ Ranar da na koma gida Baba ya ga tabon hannuna kafin ya ga wuƙar. Bai ce komai ba har aka ci abinci. Sannan ya ce in kawo. Ya zare ta, ya shafa bakin da babban yatsa, ya kai ta kusa da fitila. Ya nuna wani ɗan layi kusa da jela wanda ni ban taɓa lura da shi ba.

24/ "Nan wutarku ba ta kai ba." Na ce, "Baba, dama ka iya?" Ya ce, "Wa kake tsammani ke zuga masa kafin a haife ka?" Ya karanta sunan, ya daɗe yana kallo, ya mayar da ita kube. Sai ya tambaye ni kuɗin rajista. Wannan faɗan kam na sha shi, kuma na cancanta.

25/ Masu tambaya: ba ta sayarwa ba ce, tana ɗakin Kaka, kuma ba na fita da ita ko'ina. Hutu mai zuwa muna so mu gwada dafa tama, tun idonsa da bakinsa na iya nuna mana. Ya ce ya ji yadda ake gina murhun amma bai taɓa gani ba. Duk wanda ke da tsoho a gida da ya taɓa ganin ana yi, dan Allah ya yi min magana. Abokan ɗakina kuma, ga shi yau kun ji sana'ar gidanmu.