Ni da Pillars da kuɗin adashin Umma

Ranar Talatar makon jiya na tsallake lacca ta ƙarfe takwas, na tako da ƙafa daga gidanmu a Fagge zuwa filin wasa na Sabon Gari don in kalli atisayen Kano Pillars. Ba ni kaɗai ba ne. Akwai 'yan kasuwa da suka bar yara a shago, akwai masu adaidaita sahu da suka faka a bakin titi, kowa ya zo ya ga sababbin ƙafafu kafin a buɗe kakar wasa. Wani dattijo da ke kusa da ni, ko minti goma bai yi da zama ba ya yanke hukunci: "Bana kofi namu ne." Na ce in sha Allahu. Haka muke faɗa duk shekara, kuma duk shekara da gaske muke.

Bana dai muna da 'yar hujja. A watan Yuli aka naɗa Ahmed Musa janar manajan kulob ɗin, mutumin da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake cin Iceland biyu a 2018. Ga Rabi'u Ali, wanda muke kira Pele, da har yanzu in ya ajiye ƙwallo zai buga firikik sai ka ji filin ya yi tsit. Wanda ya ga yadda muka faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, muka yi shekara guda a can kafin mu dawo, ya san dalilin da ya sa ƙaramin abu ke faranta mana rai.

Amma da ƙarfe goma ta buga, sai na daina kallon fili. A wancan lokaci, da ƙarfe goma ake buɗe cinikin hannun jari a Legas, kuma daga nan har biyu da rabi idona ba ya barin waya. Na buɗe manhajar. Ja. Yau ma ja.

Bari in faɗi abin da na yi, ko wani zai ga kansa a ciki. Ina ajin ƙarshe na difloma a fannin akanta. A hutun da ya wuce na yi aiki a shagon kawuna a Kantin Kwari, ina ɗaukar dilar atamfa ina rubuta rasit, na tara naira dubu 60. A gurup ɗin ajinmu na WhatsApp kuwa kullum sai wani ya turo hoton ribar da ya samu. Kasuwar bana ta hau sosai, wannan gaskiya ne. Sai na ga ai mu da muke karanta abin a littafi bai kamata a bar mu a baya ba. Na tambayi wani malaminmu na Islamiyya, ya ce in guji kamfanin da sana'arsa ruwa ce ko giya, na zaɓi wani kamfanin kayan abinci. Zuwa nan ban yi laifi ba.

Laifin shi ne, Umma ta ɗauki adashi ta ba ni dubu 70 in riƙe don kuɗin furojet, bugawa da ɗauri da sauran 'yan kuɗaɗen da kowa ya san ana biya kafin a sa maka hannu. Na haɗa duka na zuba. Lissafina shi ne kafin wata biyu na cire kuɗinta, ribar ta zama tawa. Na saya a daidai lokacin da kowa ke magana a kan kamfanin, wato bayan waɗanda suka riga ni sun gama cin ribar suna neman wanda za su sauke wa. Dubu 130 ɗin nan yanzu sun koma dubu 104. Ga furojet saura mako biyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a gidanmu an taɓa yin wannan. A cikin akwatin Baba akwai wata tsohuwar ambulan cike da takardun shaidar hannun jari. Bayan da Babban Banki ya umarci bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankunan sun yi ta tallar hannun jari a rediyo da jaridu, 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da yawa suka shiga. Baba ya sayar da filinsa ya saya. A 2008 kasuwar ta rushe. Bankin da ya fi zuba wa kuɗi yau ko sunansa babu. A 2008 ɗin ne kuma Pillars ta fara cin gasar ƙasa. Ina ɗan shekara biyar, abin da na iya tunawa shi ne Baba ya saɓa ni a wuya ana ta ihu a titi. Sai da na girma Umma ta faɗa mini cewa a watannin nan ko barcin kirki ba ya yi.

Shi ya sa nake mamakin kaina. Rabon Pillars da kofin gasar ƙasa tun 2014, bayan ta ci sau uku a jere. In ka cire kofin Aiteo na 2019, shekara goma sha ɗaya ke nan muna jira, kuma ban taɓa tunanin komawa wani kulob ba. Har yanzu in an zauna a gidan kallo sai wani ya ɗauko labarin yadda muka fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, mu da ba mu ma san abin da ake yi ba a lokacin mu riƙa gyaɗa kai. Amma mako uku na ja a waya sun hana ni cin abinci. Malaminmu da ke koyar da harkar zuba jari ya sha faɗa a aji cewa kuɗin da kake bukata nan kusa ba a kai shi wannan kasuwa. Na rubuta a jarrabawa, na ci maki, na fito na yi akasin haka.

Daren Juma'a na samu Umma tana tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Babanku ya sani?" Na ce a'a. Ta ce, "To kada ya ji a bakina. Ka ciro mini nawa cif, ragowar kai ka sani."

Ranar Litinin na sayar da abin da zai cika dubu 70 ɗinta. Asarar duka ta dawo kan nawa: dubu 60 na Kwari sun zama 34. Waɗannan na bar su a ciki, na kuma cire manhajar daga fuskar wayar, ko da yake ƙarya nake in na ce ba na lalubo ta.

Baba har yanzu bai sani ba. Jiya da daddare yana sauraron labarin wasanni a rediyo ya kira ni, ya ce in an zo wasan farko na gida a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tare za mu je, amma ni zan sayi tikiti, tunda ya ji na tara kuɗi a Kwari. Na ce to, Baba.